Darasi: Magungunan ƙara ƙarfin garkuwar jiki da cututtukan bairas na talotalo

An shirya wannan darasi ne domin masu kiwon talotalo a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tahoua, da mataimakan likitocin dabbobi masu zagaya ƙauyuka, da ƙungiyoyin mata masu kiwon tsuntsayen gida. Ana iya karanta shi a zaman ƙungiya, a riƙa tsayawa bayan kowane kashi ana tattaunawa.

Kiwon talotalo jari ne mai dogon jira. Ƙwansa sai ya yi kwana 28 kafin ya ƙyanƙyashe, sannan a yi wata 6 ko fiye ana ciyar da shi kafin ya kai girman da zai yi kuɗi. Kasuwarsa ta fi ci a ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da fatake ke saye suna kaiwa Yamai da biranen Najeriya. To, wannan lokacin shi ne kuma lokacin hunturu, wanda annobar kaji ta fi yawo a cikinsa. Idan ciwo ya faɗa wa garke a watan Nuwamba, wahalar shekara guda ce ke shirin tafiya a banza.

Abin da mai kiwo ya saba yi a irin wannan hali shi ne ya garzaya kasuwa ya sayo ƙullin garin magani ko ƴar kwalba da aka ce tana ƙara ƙarfin jiki, ya zuba a ruwan sha. Tambayar da darasin zai amsa ita ce: shin waɗannan magunguna suna warkar da cutar bairas? Amsar a taƙaice: ba sa warkarwa, kuma ba sa maye gurbin rigakafi. Suna da amfani, amma ƙarami ne, kuma yana da lokacinsa. Wanda ya san iyakarsu zai kashe kuɗinsa inda ya dace.

Kashi na 1: Bairas da garkuwar jiki

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, waɗanda halittu ne masu rayuwar kansu, kuma maganin antibiyotik yana kashe su. Akwai tsutsotsin ciki da wasu ƙananan halittu masu cin jikin tsuntsu, su ma da nasu magani. Sai kuma bairas, wanda ya fi su duka ƙanƙanta. Shi ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin tsuntsu, ya mayar da su masana'antarsa. Tunda a ciki yake ɓuya, antibiyotik ba ya yi masa komai. Kafson nan mai launin ja da rawaya da ake fasawa a ruwan kaji ba ya kashe bairas, komai yawan da aka zuba.

Abin da ke yaƙar bairas shi ne garkuwar jikin tsuntsun da kansa, kuma hawa biyu gare ta. Hawa na farko shi ne katanga: fata, da laushin fatar cikin hanci da maƙogwaro da hanji, da wasu ƙwayoyin jini masu afka wa kowane baƙo. Hawa na biyu shi ne dakarun da ke gane maƙiyi ɗaya tak. Jiki ba ya samar da su sai ya taɓa haɗuwa da wannan maƙiyin, kuma yana bukatar kamar mako 2 zuwa 3 kafin su yi yawan da za su tsare shi. Bairas mai zafi kuwa yana iya kashe talotalo cikin kwana 2 zuwa 5. A nan matsalar take: ciwon ya fi garkuwar sauri.

Rigakafi yana nuna wa jiki maƙiyin ne tun da wuri, a raunane ko a mace, domin dakarun su kasance a shirye kafin na gaske ya iso. Maganin ƙara ƙarfi ba ya nuna wa jiki kowane maƙiyi. Iyakarsa ya ba jiki kayan aiki. Kamar a ce an ciyar da mai gadi ya ƙoshi ne, amma ba a taɓa kwatanta masa ɓarawon ba.

Kashi na 2: Cututtukan bairas da suka fi shafar talotalo

*Annobar Niyukasil.* Ita ce annobar da ke share kajin ƙauye kusan kowace shekara. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indonesiya da kuma garin Niyukasil na Ingila, inda ta samo sunanta. Babban talotalo ya fi kaza jure mata, amma ƙanana suna mutuwa, manya kuma suna iya ɗaukarta su yaɗa. Alamunta: kasala, tari da shaƙar numfashi, koren zawo, murɗewar wuya, shanyewar ƙafa ko fiffike, da raguwar ƙwai. Tana da rigakafi mai araha.

*Murar tsuntsaye.* Talotalo na cikin tsuntsayen da suka fi saurin kamuwa da ita. Nau'in H5N1 ya bayyana a jihar Kaduna ta Najeriya a watan Fabrairun 2006, kuma a cikin watan ne aka tabbatar da shi a Magariya ta jihar Damagaram. Ya sake ɓulla a Maraɗi a 2015, kuma a farkon 2023 an bayar da sanarwar ɓullarsa a cikin jihar Tahoua kanta. Alamunta: mutuwar farat ɗaya ta tsuntsaye da yawa, kumburin kai, fatar kai da wuya ta yi duhu, jini ya taru a ƙarƙashin fatar ƙafa. Agwagi na iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna ciwo ba. Tana kama mutum: a Janairun 2007 wata matashiya ta rasu da ita a Legas. Ido ba ya iya raba ta da Niyukasil, sai gwajin ɗakin bincike.

*Cutar ƙuraje.* Ƙuraje ne masu ɓawo da ke fitowa a fatar kai, fuska da wuya, inda babu gashi. Sauro ne babban mai yaɗa ta, shi ya sa ta fi yawa da damina. Amma a kusa da fadamun noman rani na Ƙonni, da madatsun ruwan Mozage da Zango, da lambunan albasa na kwarin Majiya wajen Galmi da Dogerawa, sauro yana daɗewa bayan ɗaukewar ruwan sama, don haka ciwon ma yana daɗewa. Iri biyu ce. Busasshiya, wadda ke tsayawa a fata, takan warke cikin ƴan makonni idan ƙurajen ba su rufe ido sun hana cin abinci ba. Ɗanyar kuwa tana fitowa cikin baki da maƙogwaro kamar farin cuku, tana toshe numfashi, ita ce mai kisa. Tana da rigakafi.

*Zawon jini na talotalo.* Bairas ne da ke kama ƴan talotalo daga mako 4 zuwa wajen mako 12. Yana sa zawo mai jini, saifa ta kumbura. Ko waɗanda suka tsira garkuwarsu tana raunana na wani lokaci, sai bakteriya su samu ƙofa.

*Murar hancin talotalo.* An fara ganin ta a Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1970. Tana sa atishawa, majina, kumfa a ido da kumburin fuska. Ita kaɗai ba ta cika kisa ba, amma idan ƙura da cunkoso da bakteriya suka haɗu da ita, asara takan yi yawa.

A lura: cutar Gumboro da ke kashe ƴan tsakin kaji ba ta sa talotalo irin wannan ciwo. Sayen rigakafinta domin talotalo ɓarnar kuɗi ne.

Kashi na 3: Ba kowane ciwo ne bairas ba

Haɗarin farko na dogaro da maganin ƙara ƙarfi shi ne yana sa a ɓata kwanaki a kan ciwon da yake da nasa magani ko nasa matakin. Ga guda uku da ake yawan ɗauka annoba ce.

*Ciwon hanta mai zawon rawaya.* Wata ƙaramar halitta ce ke kawo shi, tana ɓuya cikin ƙwan wata tsutsar hanjin kaza. Kaza tana ɗauke da ita lafiya lau, tana zubar da ƙwan a kashinta, kuma ƙwan na iya shekaru a cikin ƙasa yana da rai. Tana ma, wato tsutsar ƙasa, tana ɗaukar ƙwan. Ƙaramin talotalon da ya tsinci abinci a wurin sai ya yi sanyi, ya saki fukafukai, ya yi zawo rawaya kamar ƙibiritu. Idan aka buɗe gawar za a ga hanta da tabo zagaye-zagaye. Yana iya kashe kusan duka garken. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake cewa kada a haɗa ƴan talotalo da kaji a akurki ɗaya ko fili ɗaya.

*Kumburin ƙasan ido.* Wata ƙwayar cuta ce dangin bakteriya ke sa shi, kuma tana bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa. Akwai antibiyotik da ke rage shi, likita ne zai zaɓa.

*Kwalarar tsuntsaye.* Bakteriya ce mai kashe manyan talotalo farat ɗaya. Ɓeraye da gawar da aka yar a bola suna yaɗa ta. Ita ma antibiyotik na aiki a kanta idan an fara da wuri.

Saboda haka matakin farko a kullum shi ne a san ciwon, ba a sayo magani ba.

Kashi na 4: Me ke cikin magungunan ƙara ƙarfi?

Sunan ɗaya ne a bakin mai sayarwa, amma abin da ke ciki ya bambanta. A sa wanda ya iya karatu ya duba takardar jikin maganin. Yawanci za a tarar da ɗaya daga cikin waɗannan.

- Bitamin A. Shi ke gyara laushin fatar cikin hanci, ido da hanji, wato katangar farko. Tsuntsun da ke rayuwa a kan gero da dusa kawai, musamman da rani da babu ɗanyen ganye, yana iya rasa shi. Ganyen zogale, yakuwa, alayyafo da jar masara suna bayar da shi ba tare da an je kanti ba.
- Bitamin E da sinadarin seleniyom. Suna taimaka wa jiki wajen samar da dakaru bayan rigakafi, musamman ga tsuntsun da abincinsa ya gaza. Seleniyom idan ya wuce kima guba ne, don haka ba a ninka awo.
- Bitamin C da gishirin jiki. Tsuntsu yana haɗa bitamin C da kansa, amma a tsananin zafin Afrilu da Mayu, ko bayan doguwar tafiya a mota, ƙarin yana taimakawa. Gishirin jiki yana mayar da ruwan da zawo ya kwashe.
- Sinadaran yisti da ƙwayoyin hanji masu amfani. Suna gyara hanji kuma suna zaburar da hawa na farko na garkuwa. Aikinsu a hankali yake, sai an daɗe ana bayarwa kafin ciwo, ba bayan ya shigo ba.
- Lebamizol. Asalinsa maganin tsutsar ciki ne, yana cikin wasu ƙwayoyin tsutsa na kaji da aka saba sayarwa a ƙasashenmu. Bincike ya nuna wani lokaci yana zaburar da garkuwar da ta yi rauni, amma sakamakon ba ya zuwa iri ɗaya a kullum. Amfaninsa tabbatacce shi ne kashe tsutsa. Tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ba ta da yawa, don haka a auna nauyin tsuntsu kafin a ba shi.
- Antibiyotik a ɓoye. Da yawa daga cikin garin da ake kira maganin gajiya haɗi ne na bitamin da antibiyotik. Mai kiwo yana zaton bitamin yake bayarwa kullum, alhali yana koya wa bakteriya jure wa magani ne. Ranar da ake bukatar antibiyotik da gaske sai ya ƙi aiki. Ragowarsa kuma yana zama cikin nama da ƙwai ya shiga cikin mutane.

Magungunan gargajiya kamar tafarnuwa, barkono, ɓawon maɗaci, ganyen bedi da gautan kaji sun daɗe a hannun iyayenmu mata. Wasu suna buɗe cin abinci ko su rage tsutsa. Amma babu ɗaya a cikinsu da aka tabbatar yana tsayar da Niyukasil ko murar tsuntsaye. Idan aka ba garke jiƙo wasu suka tsira, a tuna cewa ko ba a ba su komai ba, akwai waɗanda sukan tsira, musamman manyan da suka taɓa haɗuwa da ciwon a baya.

Abu biyu ne ba a yarda da su ba sam. Na farko, maganin dekizametazon da danginsa. Yana sa tsuntsu ya miƙe kamar ya samu sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, alhali aikinsa shi ne danne garkuwar jiki, sai bairas ya samu fili. Na biyu, ba tsuntsu maganin bairas na mutane. An yi haka a wasu gonakin kaji na Asiya da maganin amantadin, aka wayi gari wasu nau'o'in murar tsuntsaye sun daina jin sa ko a jikin mutum.

To, yaushe ne bitamin ke da amfani?

1. Kwana 2 zuwa 3 kafin rigakafi da bayansa.
2. Makon farko na rayuwar ƴan tsaki.
3. Bayan tafiya ko sauya wuri.
4. Lokacin tsananin zafi.
5. Lokacin jinyar ciwon da ba ya kisa da sauri, kamar busasshiyar cutar ƙuraje, domin tsuntsu ya samu ƙarfin da zai kai ranar da garkuwarsa za ta yi nasara.

Kashi na 5: Abubuwan da ke karya garkuwa

Kafin a yi tunanin ƙara wa garkuwa ƙarfi, a fara toshe inda take yoyo. Zuba ruwa a fasasshiyar randa wahala ce kawai.

*Fumfuna a abinci.* A 1960 ƴan talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila da wani ciwon da ba a san kansa ba. Da aka bi sawu sai aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Burazil, wadda fumfuna ya kama. Daga nan ne duniya ta san gubar afalatoksin. Talotalo na cikin dabbobin da wannan guba ta fi yi wa illa. Mai yawa tana lalata hanta ta kashe, kaɗan kuma tana raunana garkuwa a ɓoye, har rigakafi ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙuliƙuli, tunkuza, masara da dusa su ne abincin talotalonmu, kuma al'ada ce a ware hatsin da ya lalace a ce na kaji ne. Dafawa ko shanyawa a rana ba sa kashe gubar idan ta riga ta samu. Duk abin da ya yi kore ko baƙi, ya dunƙule, ko yake warin rima, a ƙone shi. A ajiye buhu a kan katako, nesa da bango, kada a sayi abin da zai wuce wata guda da damina.

*Ƙarancin abincin gina jiki.* Dakarun garkuwa da furotin ake gina su. Ɗan talotalo a makonni 4 na farko yana bukatar abincin da ke da furotin kusan kashi 28 cikin 100, fiye da ɗan tsakon kaza. Gero da dawa ba su kai rabin haka ba. A haɗa musu da gara, fara, garin busasshen kifi, dafaffen ƙwai, soyayyen wake ko waken suya da aka niƙa, da yankakken ɗanyen ganye.

*Tsutsa, ƙwarƙwata da kaska.* Suna shan jini, suna cinye abincin da tsuntsu ya ci. A ba da maganin tsutsa kamar mako guda kafin rigakafi. A share akurki, a toshe tsagar bango inda kaskar kaji ke ɓuya da rana.

*Sanyi, zafi da ƙura.* Ɗan talotalo a makon farko yana son ɗumi wajen digiri 35. Raɓa, ruwan sama da iskar hunturu suna kashe shi ko su raunana shi. Manya kuma suna son inuwa da ruwa mai sanyi a kowane lokaci. Akurkin da warin kashi ke sa mutum hawaye ya riga ya ƙone hancin tsuntsun da ke kwana a ciki.

Kashi na 6: Rigakafi da yadda ake yin sa

Na Niyukasil iri biyu ake samu. Akwai mai rai da ake ɗigawa a ido, kamar I-2 da LaSota. An samar da I-2 ne a Jami'ar Kwinsilan ta Ostireliya domin kajin ƙauye, kuma ya fi sauran jure zafi, ko da yake shi ma ba a barin sa a rana. Kariyarsa kamar wata 4 ce, don haka sau 3 ake yi a shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ta Najeriya tana cikin masu haɗa shi. Akwai kuma na allura mai mai, kamar ITA-NEW da aka sani a ƙasashen Afirka ta Yamma masu Faransanci, wanda kariyarsa ke kai wa kusan wata 6. Likita ne zai faɗi awon da ya dace da talotalo gwargwadon shekarunsa.

Rigakafin ƙuraje ana yin sa ne da ƴar allura mai baki biyu. A kaza fatar fiffike ake sokawa. A talotalo cinya ake sokawa, domin yana kwana da kansa a ƙarƙashin fiffike, sai ƙurajen rigakafin su kama masa fuska. Akan yi shi wajen mako 8, ko kafin haka idan likita ya ga ciwon ya yi yawa a yankin. Bayan kwana 7 zuwa 10 a duba wurin: idan an ga ɗan kumburi ko ɓawo, ya kama. Idan ba a ga komai ba, a sake.

Ƙa'idodin da ba a tsallakewa:

- Ba a yi wa tsuntsu mara lafiya rigakafi, kuma mai rigakafi ba ya fita daga gidan da ake ciwo ya shiga gidan lafiya.
- A sayi rigakafi inda ake ajiye shi a firji, a ɗauko shi cikin kula mai ƙanƙara. Wanda aka baje a tebur a rana ya riga ya mutu. Araha ba ta ado.
- A duba ranar ƙarewar aikinsa.
- Kada ruwan Javel ko sabulu ya taɓa rigakafi mai rai.
- Wanda aka riga aka dama a yi amfani da shi cikin lokacin da takardarsa ta faɗa, a ƙone ragowar.
- A yi wa kaji, zabi da talotalo na unguwa gaba ɗaya a rana ɗaya. Talotalo 10 da aka yi wa rigakafi a tsakiyar kaji 200 da ba a yi wa ba suna cikin haɗari.

Ga tsarin shekara da ƙungiya za ta iya bi, ta gyara shi tare da likitanta:

- Mayu zuwa Yuni: maganin tsutsa, rigakafin Niyukasil, rigakafin ƙuraje kafin sauro ya yi yawa, gyaran rufin akurki.
- Yuli zuwa Satumba: tsare ƙanana daga ruwa da raɓa, sa ragar sauro a tagogin akurki, duba abinci saboda fumfuna.
- Oktoba: maganin tsutsa da rigakafin Niyukasil. Wannan zagayen ya fi kowanne muhimmanci, domin shi ke tsare jarin ƙarshen shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.
- Nuwamba zuwa Janairu: hana shigo da baƙin tsuntsaye, toshe iskar dare.
- Fabrairu: zagaye na uku na Niyukasil.
- Maris zuwa Mayu: inuwa, ruwan sanyi, bitamin idan zafi ya tsananta.

Kashi na 7: Ƙofar kasuwa da bakin ruwa

Ƙonni garin iyaka ne. Tsakaninsa da Illela ta jihar Sakkwato, wadda ba ita ce Illelar Tahoua ba, tafiyar ƴan mintoci ce, kuma tsuntsaye suna ƙetarawa ta kowane ɓangare. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, hanyar Tahoua kuma ta balle daga Tsarnawa ta bi ta Badagishiri. Duk inda motar kaji ta bi, ciwo na iya bi. Sau da yawa annoba tana shiga gida ne a cikin kwandon kasuwa.

Duk tsuntsun da aka sayo, ko aka samu kyauta, ko aka kai kasuwa bai sayu ba aka dawo da shi, a ware shi mako 3 nesa da sauran. A fara ba na gida abinci kafin a je wurin baƙon. Idan aka ga talotalo yana araha fiye da kima, a yi tambaya, domin mai yiwuwa daga gidan da ciwo ya shiga ya fito. Dillali ya tsaya a ƙofar gida, a fito masa da abin da zai saya. Haka kuma kada a bar talotalo da agwagi su sha a tafki ko madatsa inda tsuntsayen daji masu ƙaura ke sauka da sanyi. A ba su ruwan rijiya ko na famfo a mazubi mai tsabta.

Kashi na 8: Idan ciwo ya riga ya shigo

1. A ware marasa lafiya nan take, a kulle masu lafiya kada su fita yawo.
2. Idan tsuntsaye da yawa sun mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar da ofishin ma'aikatar kiwo na gunduma ko na ƙaramar hukuma, ko likitan tsarin SVPP mai kula da yankin, ko mataimakinsa na ƙauye. Su ne za su ɗauki samfur zuwa ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL. Murar tsuntsaye da Niyukasil cututtuka ne da doka ta wajabta a bayar da rahotonsu.
3. Kada a sayar, kada a yi kyauta, kada a kai wa dangi ajiya a wani ƙauye. Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin mai kiwo yana ganin jarinsa na zubewa. Amma talotalon da aka yi gaggawar sayarwa yau shi ne zai kashe na maƙwabci, daga baya ciwon ya zagayo.
4. Kada a yanka mara lafiya a ci, kada yara su fige shi ko su yi wasa da gawa. A sa leda a hannu, a binne gawa a rami mai zurfi nesa da rijiya, ko a ƙone ta. A wanke hannu da sabulu. Wanda ya taɓa irin waɗannan tsuntsaye ya ji zazzaɓi da tari ya je asibiti, ya faɗi abin da ya faru.
5. Idan likita ya ce ciwon na jinya ne, a yi jinya: ɗumi, ruwa mai tsabta da bitamin da gishirin jiki, abinci mai laushi. Ga ƙuraje, a shafa aidin a kan ɓawon, a wanke ido da tafasasshen ruwan da ya huce mai ɗan gishiri, a ciyar da wanda ba ya gani da hannu. Antibiyotik sai likita ya ga bakteriya sun biyo baya, kuma a cika kwanakinsa, a jira kwanakin da takarda ta faɗa kafin a ci nama ko ƙwai.
6. Bayan ciwo ya wuce, a kwashe kashi da shimfiɗa a ƙone, a wanke mazubai da ruwan Javel, a bar akurki babu kowa aƙalla mako 3.

Yadda za a raba kuɗin da ke hannu

Idan kuɗin kaɗan ne, ga jerin da ya kamata a bi: rigakafi da farko, sai abinci mai tsabta mai gina jiki, sai maganin tsutsa, sai gyaran akurkin da zai raba ƴan talotalo da kaji. Idan an samu saura, a sayi bitamin daga wurin likita domin lokutan nan biyar da aka lissafa a kashi na 4. Kuɗin talotalo ɗaya ya isa ya biya rigakafin tsuntsayen gidaje da dama. Kwalbar rigakafi kan zo da awon tsuntsaye 100 ko fiye, shi ya sa haɗa kuɗi a ƙungiya ya fi sauƙi: a ƙirga tsuntsayen unguwa, a tsayar da rana, a kira mataimakin likita sau ɗaya.

Tambayoyin bita domin zaman ƙungiya

1. Me ya sa antibiyotik ba ya warkar da Niyukasil?
2. Mako nawa jiki ke bukata bayan rigakafi kafin ya samu kariya? A wane wata ya kamata a yi wa talotalon da za a sayar a Disamba?
3. Wace alama ce ke nuna ciwon hanta mai zawon rawaya, kuma me ya haɗa shi da kaji?
4. A ina ake soka wa talotalo rigakafin ƙuraje, kuma don me?
5. A kawo ƙullin maganin ƙara ƙarfi da ake da shi a gida, a karanta takardarsa tare. Akwai antibiyotik a ciki?
6. A bara, a wane wata ciwo ya shigo ƙauyenku, kuma ta wace hanya kuke ganin ya shigo?
7. Wa za ku kira idan tsuntsaye 10 suka mutu a dare ɗaya? A rubuta sunansa da lambarsa a littafin ƙungiya kafin a tashi daga zaman.